Senti Talatin

Ina ɗan shekara goma sha biyu na yanke sarewar ubana gida biyu da zarto. Ranar Laraba ce da hantsi, kwana huɗu kafin godiyar girbi, a bayan rumbun acca, lokacin da kowa ya tafi gonar citta. Ba wanda ya aike ni. Na kifa turmi, na ɗora ta a kai, na taka ta da ƙafa ɗaya, na auna da tef ɗin tela, na yi alama da gawayi, na yanka. Sarewar ta girmi ubana. Tun daga wannan rana ba a sake busa sarewa a cikin majami'ar ƙauyenmu ba.

Ƙauyenmu yana kusa da Kafanchan, tafiyar da ba ta kai rabin yini a ƙafa ba. Idan iska ta juyo mukan ji kukan jirgin ƙasa daga tasha. Gidanmu ɗakuna uku ne na laka da rufin ciyawa, da rumbu biyu, da garken aladu a baya, da wata bishiyar mangwaro da ba ta taɓa yin 'ya'ya masu zaƙi ba. Ni kaɗai ne namijin da ya rayu a gidan, shi ya sa ban ga cikin aji ba. Baba ya ce citta ba ta jiran a tashi daga makaranta. Da damina ni ke yanko ciyawar da ake rufe kunyar citta da ita, ni ke kai wa aladu dusa, ni ke korar birai daga masara. Da kaka kuma sai mu zauna a kan fa, ni da Mama da ƙannena mata, kowa da wuƙarsa, muna tsaga citta muna shanyawa, har yatsu su ɗauki zafi, ido ya yi ta ruwa. Wasanmu bai da yawa: langa, harbin ƙadangaru da danƙo, wanka a rafi, kamun shinge bayan ruwan fari. 'Yan makaranta suna kiranmu 'yan daji. Mu kuma mukan tare su a hanyar rafi mu tura su cikin taɓo da fararen rigunansu. Har yau ban yi nadamar wannan ba.

Sunan ubana Yohanna. Ba shi da keke, ba shi da rediyo, gonarsa ba ta fi ta kowa ba, kuma hannunsa yana da nauyi a jikin yaro. Abu ɗaya yake da shi da ba kowa ke da shi ba: shi ke riƙe da sarewun ƙauye. Guda goma ne, na gora, kowace gaɓar gorar ce ta toshe gindinta, kowace kuma murya ɗaya tak take yi. Ba su da ramukan yatsu. Mutum goma ke busa su, kowa da tasa, kowa yana jiran lokacinsa ya jefa muryarsa a cikin waƙar, kamar mata biyu suna daka a turmi ɗaya ba tare da taɓarya ta bugi taɓarya ba. Idan mutum ɗaya ya yi shiru sai waƙar ta yi giɓi. Mafi tsawo a cikinsu tana da suna a yarenmu, amma a nan zan kira ta Uwa, don haka sunan yake nufi. Ita ke buɗe waƙa, ita ke rufewa, a kanta sauran ke tsayawa. Ta shida kuwa sunanta 'Yar Fari. Muryarta irin ta Uwa ce sak, sai dai siririya, a sama, kamar yarinya tana bin uwarta waƙa. Baba ke busa Uwa. Kakana ne ya saro gorarta tun yana saurayi, kuma bakinta ya yi baƙi ya yi santsi saboda leɓɓan mutum biyu.

Sau ɗaya a shekara ake barin sarewun su shiga majami'a, ranar godiyar girbi. A ranar mutane kan jeru tun daga bakin rafi, mata da kwandunan acca da doya a ka, maza da dammunan dawa da buhunan citta, wasu da kaji a hammata. Masu sarewa ke gaba, Baba kuma ke gaban masu sarewa. Fasto da kansa yakan tsaya a bakin ƙofa ya jira shi. Kwana ɗari uku da sittin da wani abu ubana ba kowa ba ne. A wannan rana ɗaya masu kwano a rufin gida suna bin bayansa. Ni kuma ina gefe da jakar fatar da ake zuba sarewun, ina tafe kamar ƙasar ta gidanmu ce.

Aikina bai wuce ɗaukar jakar nan da shafa wa gorar man ja ba. Akwai wata igiyar rama mai ƙulli goma da Baba ke ajiyewa a cikin tukunya, da dunƙulen kakin zuma. Na sha ganinsa yana miƙa igiyar a jikin sarewa, ko yana jefa ɗan kaki a ciki ya danna da tsinke ya busa ya saurara. Bai taɓa gaya mini me yake yi ba. Idan na tambaya sai ya ce, "Kunnenka bai nuna ba tukuna. Shafa mai." Abin da na sani kawai shi ne abin da kowane yaro ya sani: doguwar sarewa muryarta ƙasa, gajeriya muryarta sama.

A shekarar ce Bulus ya dawo. Ɗan ƙauyenmu ne, ubansa ma ya busa sarewa ta huɗu har ya mutu. Ya je kwaleji ya dawo da takalmi mai ƙara da agogo, aka ba shi aji a firamare, aka kuma ba shi mawaƙan majami'a. Kowa ya koma ce masa Tica. Shi ne ya sa ikilisiya ta kawo piyano mai aiki da batirin mota, wanda suke kira kibod. Ba zan yi ƙarya ba, ranar da na fara jin kibod ɗin nan bakina a buɗe ya wuni. Tica ya ce bana za a yi baƙi daga Kafanchan, don haka yana so kibod da sarewa su yi waƙa ɗaya tare, a nuna musu ƙauye ya waye. Ranar Asabar, kwana takwas kafin godiya, ya tara masu sarewa a gindin ɗorawar harabar majami'a. Dattawa suna kan benci, 'yan matan mawaƙa suna tsaye a bayansa. Aka gwada sau uku. Kibod na hanyarsa, sarewu na tasu, abin ba daɗin ji, kamar kare da akuya a igiya ɗaya.

Sai Tica ya zaro wani ɗan akwati baƙi daga aljihu, mai gilashi da allura a ciki. Ya ce sunansa tuna. Sunan ya dace da shi, don ban taɓa mantawa ba. Ya ce idan murya daidai take allurar za ta tsaya a tsakiya, idan ta yi ƙasa ta faɗi hagu, idan ta yi sama ta faɗi dama. Ya sa kowa ya busa tasa shi kaɗai. Tsofaffi masu furfura suna zuwa ɗaya bayan ɗaya suna sunkuyawa gaban akwati kamar masu karɓar allura a asibiti, shi kuma yana kiran lamba, 'yan mata suna dariya a bayan hannu. Baba ne na ƙarshe. Ya busa Uwa, muryar ta cika harabar har ina jin ta a ƙirjina. Allura ta faɗi hagu.

"Ta faɗi ƙasa, senti talatin," in ji Tica. "Baba Yohanna, uwar ma a karkace take, balle 'ya'yan."

Baba ya dubi akwatin, ya dubi Tica. Ya ce, "Bulus, wannan abin naka ya taɓa yin rawa?"

"Bai taɓa ba, Baba. Bai kuma taɓa shan burkutu ba, shi ya sa ba ya ƙarya."

Aka yi dariya, har da wasu dattawan. Kowa ya san Baba yana taɓa burkutu ranar kasuwa, kuma kowa ya san rabin masu dariyar tare suke sha. Dattawa suka haɗa kai suka yanke magana: a gyara sarewun su dace da kibod kafin Asabar mai zuwa, a fara da Uwa. In ba haka ba, su tsaya a bakin titi su busa bayan an tashi sujada. Baba ya miƙo mini Uwa, na sa ta a jaka, muka tafi gida yana gaba ina baya.

A gida Mama ta yi masa magana tana tuƙa tuwo. Ta ce ya rage musu abin da suke so a rage, ai ba jininsa za a ɗiba ba. Ya ce ba zai taɓa ta ba, ubansa bai bar masa ita don yaron da ya ga ranar haihuwarsa ya auna ta da akwati ba. Ta ce to, ya shirya tsayuwa a bakin titi tare da masu tallar gyaɗa. Maganar nan ce ta zauna mini. Na yi ta ganin ubana a bakin titi, mutane suna fitowa daga sujada suna wuce shi, 'yan makaranta suna nuna ni da baki. Na ce a raina, idan shi girman kai ya hana shi, ni ba ni da girman da zai hana ni. Zan gyara ta a ɓoye, ranar Asabar allura ta tsaya a tsakiya, kowa ya rufe bakinsa.

Ranar Litinin na bi ta firamare da ɗaurin ciyawar awaki a ka. Lokacin tara ne, yara sun cika fili, wasu suna ƙwallo da lemon da bai nuna ba, wasu suna layi wajen mai ƙosai. Tica yana zaune a baranda da wani malami, suna cin gyaɗa. Na sauke ciyawa, na durƙusa na gaishe su. Na ce ina da tambaya.

"Ɗan gora ne," ya gaya wa ɗayan. "Faɗi, muna ji."

Na ce, "Tica, senti talatin ɗin nan, idan aka rage shi shi ke nan ta gyaru?"

"Shi ke nan. Talatin cif, kada ka ƙara kada ka rage."

"Da tef ake aunawa?"

Ya dubi abokinsa, abokin ya dube shi. Na ga dariyar tana taruwa a kumatunsa. Ya ce, "To da me kake so a auna, da mudu?"

Suka fashe da dariya. Na ɗauka ni ne na yi tambayar wauta, tun da amsar a fili take. Na yi godiya, na ɗauki ciyawata. Shekara arba'in da wani abu ke nan ina juya wannan magana. Ya san ban gane ba. Ya ga yaro marar takalmi yana tambaya da gaske. Kalma shida za ta ishe shi ya ce mini ba irin wannan sentin ba ne. Ya zaɓi ya ba abokinsa dariya.

Talata ranar kasuwarmu ce. Akwai wani tela, Malam Sani, wanda kakanninsa suka zauna a bakin kasuwar tun kafin a haifi Baba, shi ke ɗinka mana kayan Kirsimeti. Na ce ya ara mini tef, ya kuma nuna mini senti. Ya juya tef ɗin ya ce nan inci ne, na masu ɗinki, nan bayan kuma senti, ƙanana. Ya ɗora farcensa a kan talatin, ya ɗaura zare ja a wurin don ya san ban iya karatu ba. Ya ce, "Me za ka auna, ɗan Yohanna? In wando ne, talatin ba za ta rufe maka komai ba." Na ce gora ce. Ya ce in dawo masa da shi kafin la'asar ta gobe. Mutumin nan bai yi mini laifi ba. Shi kaɗai ne a wancan lokacin ya amsa abin da na tambaye shi.

Ranar Laraba na ce cikina yana ciwo, aka bar ni a gida. Da na miƙa tef daga bakin Uwa, zaren ja ya faɗi a tsakiyarta. Ko ni na ga abin ya yi yawa. Na sake aunawa sau uku, sau uku yana faɗawa wuri ɗaya. Na tsaya ina kallon baƙin bakin nan mai santsi. Sai na tuna wa ya faɗi lambar: mutumin da ya je kwaleji, da akwatin da ba ya ƙarya. Ni wane ne? Na sa zarto. Tsohuwar gora tana da tauri, na yi gumi kafin in kai rabi. Saura kaɗan in gama sai na ji ƙas, ɓangaren sama ya tsage daga yanka har baki, ya rabu kamar an fasa rake. Ban damu ba, ai shi za a yar. Na goge sabon bakin a kan dutse, na sa leɓe na busa.

Muryar da ta fito na san ta. Na ciro 'Yar Fari daga jaka na busa. Na sake busa wadda na yanka. Murya ɗaya ce, in akwai bambanci kunnena bai kama shi ba. Na zauna a ƙasa. Aladu suna ta kuka don ban ba su dusa ba.

Baba ya dawo da rana tsaka ɗaukar buhu, ya same ni a wurin. Ban gudu ba. Ya ɗauki guntun, ya busa sau ɗaya. Ya ɗauki tsagaggen ɓangaren ya juya shi a hannu. Na jira duka, ina ma so a dake ni. Ya tambaye ni wa ya sa ni, na gaya masa duka, har da maganar mudu. Ya shiga ɗaki ya fito da igiyar rama. Ya kama ta daga kai zuwa ƙulli na ƙarshe, ya ce, "Wannan Uwa ce." Ya ninka ta biyu, ya ɗora a jikin guntun da ke hannunsa, suka zo daidai. Ya ce, "Rabin uwa 'ya ce. Ko wace sarewa ka raba biyu, 'yarta za ka samu. Abin da zan koya maka ke nan bana bayan girbi. To, ka koya wa kanka." Ya mayar da igiyar cikin tukunya. Ya ce, "Yanzu ina da 'yan fari biyu, ba uwa." Ya ɗauki buhunsa ya koma gona. Bai taɓa ni ba, ranar ko bayanta. Da ya dake ni da na warke tuni.

An gwada abin da za a iya. Ya ɗaure tsagar da zare, ya liƙe da kaki, iska ta yi ta fita ta gefe. Wani ya je ƙauyen da ke hayin rafi ya aro tasu Uwar, amma kowane ƙauye da muryarsa, tasu ta ƙi zama da 'ya'yanmu. Sabuwar gora kuwa sai ta yi damina biyu a rataye cikin hayaƙin madafa kafin ta yi murya. Ranar Lahadi aka jeru daga bakin rafi ba sarewa. Mutum biyu suka ɗauki kibod a kan tebur, wani ya tura batir a baro, Tica yana tafe yana dannawa a gaban kowa. Baba yana can baya da damin dawarsa a ka, tsakanin tsofaffin mata. Baƙin Kafanchan suka yaba ƙwarai. A bakin ƙofa wani yaro ya ce mini, "Kafinta, ina zartonka?" Na fasa masa baki a gaban fasto, aka fitar da ni. Sunan Kafinta ya bi ni har na bar garin.

Baba ya saro sabuwar gora a makon, ya rataye ta. Kafin ta bushe mutum biyu cikin goman sun mutu, ɗaya ya bi ɗansa Kaduna, 'ya'yan sauran duk suna wajen Tica suna koyon kibod. Da damina biyu ta cika Mama ta ce ya sauke gorar. Ya ce, "In busa wa wa?" Tana nan a rataye har ya mutu. Ni ban jira wannan ba. Ina shekara goma sha shida na bar gida, don na gaji da zama da mutumin da ba ya zagina kuma ba ya kallona. Na yi dakon buhunan citta a Kachia har kafaɗata ta goce. Na wanke tireloli a Jere. Na haƙa rijiyoyi, ɗaya ta rufta da mu uku, ni kaɗai aka ciro da rai. An taɓa ƙone ɗakin da nake haya da duk abin da na mallaka. Ba na ba da labarin waɗannan, don ba su ne ke hana ni sukuni ba. Da na je jana'izar Baba, gara ta cinye jakar da sarewun tara. Mama ta ba ni igiyar, ta ce ya ce a ba ni. Bai bar wata magana ba.

Na haɗu da Tica sau ɗaya, a tashar mota a Samaru Kataf. Ya tsufa, ya yi ritaya, idonsa ɗaya ya yi fari. Na gaya masa ni ne ɗan Yohanna mai sarewa. Na tuna masa tef da mudu. Ya yi ta kallona yana murmushi irin na mai neman a taimake shi. Ya ce, "Wace sarewa?" Da gaske yake, bai tuna ba. Na zo da maganganu da na tara shekara da shekaru, na rasa inda zan sauke su. Na bar shi tsaye da ledar maganinsa.

Amsar da ya hana ni, 'yata Tabita ce ta ba ni, bara. Ita na sa ta a makaranta da kafaɗar nan da ta goce, kuma tana cikin mawaƙa a majami'arsu. Wata rana na ga tana waƙa a gaban wayarta, a fuskar wayar kuma ga allura tana lilo hagu da dama. Na ce ta kashe abin nan a gidana. Ta ce me ya yi mini. Ban taɓa gaya wa 'ya'yana ba, ranar na gaya mata. Ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Baba, sentin waƙa ba tsawo ba ne. Tazara ce tsakanin murya da murya." Ta ce daga kowace murya zuwa 'yarta, sun raba tazarar gida dubu ɗaya da ɗari biyu, kowane gida shi ne senti ɗaya, kuma daga maɓallin kibod zuwa na kusa da shi senti ɗari ne. Ta ce ko sarewar ta kai tsawon mutum, ko ba ta fi yatsa ba, in dai ka raba ta biyu ka hau dubu ɗaya da ɗari biyu. Lissafin ninki ne, ba a ɗora shi a kan tef. Na ce ta tsaya, wannan na san shi, igiyar Baba ce. Na ce to talatin ɗin fa, nawa ne a jikin Uwa? Ta danna wayar ta yi lissafi, ta kama ɗan ƙaramin yatsana ta nuna mini faɗinsa. Ta ce bai ma kai haka ba. A jikin 'Yar Fari kuma rabin wannan.

Kakin zuma kamar ƙwayar gyaɗa biyu, a jefa a gindinta a danna da tsinke, da ya ɗaga muryar ya rufe bakin Tica. Baba ya san haka, aikin minti ɗaya ne a wurinsa. Ya ƙi. Na ji haushinsa sabo, kamar jiya ya mutu. Na ji haushin Tica, na ji na dattawan da suka yi dariya, na ji na yaron da ya ga zare a tsakiyar gora ya ƙi yarda da idonsa.

Akwai wata gora da na saro shekara uku da suka wuce na rataye a madafa, ban gaya wa kowa dalili ba, ni ma ban tambayi kaina ba. Na sauke ta. Na miƙa igiyar Baba zuwa ƙulli na ƙarshe na yanka Uwa. Na ninka igiyar biyu na yanka 'Yar Fari, na daidaita ta da kaki da kunne har suka zama murya ɗaya. Na kira Tabita na ce ta kawo akwatinta. Na busa Uwa. Allurar ta faɗi hagu, tana rawa tsakanin ashirin da takwas da talatin. Na busa 'Yar Fari, ta faɗi wuri ɗaya. Tabita ta ce tsakaninsu dubu ɗaya da ɗari biyu ne, ba ragi. Ta ce ai ba a karkace suke ba, da junansu suka dace, kibod ne nasa tsanin daban. Wato talatin ɗin nan ba kuskure ba ne. A nan kakana ya ajiye muryar ƙauyenmu, a nan Baba ya same ta, shi ya sa ya ƙi taɓa ta. Haushinsa ya sauka daga raina a ranar. Na sauran yana nan.

Tabita ta ce in ina so za ta nuna mini yadda zan ɗaga ta allura ta tsaya a tsakiya. Na ce ta bar ta inda take.

Yanzu a ƙauyenmu majami'ar ta bulo ce, kibod biyu ne, da lasifika da ake ji har hayin rafi. Ana jeruwa ranar godiya kamar da, amma ba wanda ke jiran lokacinsa ya jefa murya ɗaya, yaro ɗaya ke yin duka da yatsu goma. Ban ce ba daɗi ba. Na dai san abin da ba ya ciki. Ban yi makaranta ba, ajin manya na majami'a ne ya koya mini haɗa baƙaƙe bayan na yi furfura, Tabita kuma ta gyara mini wannan rubutun. Ina Kafanchan, ina gadin wani siton citta a bayan kasuwa, ina da ɗaki ɗaya a gefensa. Igiyar tana cikin tukunya, saura ƙulli takwas ban yanka ba, don ba ni da mutum takwas. Uwa tana rataye a bisa ƙofata, da senti talatin ɗinta.